Maki 12 da jita-jitar mastar: abin da ƙa'ida ta ce

Shekaranjiya ɗan ƙanwata ya same ni a Garwa, takardar sakamakonsa a naɗe cikin leda, ido ya yi ja. Ya ce, "Kawu, wai an kafa sabuwar doka, wanda bai kai maki 12 bisa 20 ba karatunsa ya ƙare." Lisans ya gama a kimiyyar sinadarai, burinsa binciken yumɓu da siminti. Na ce ya zauna tukuna.

Tsarin LMD (lisans, mastar, doktora) da Kamaru ke bi tare da sauran ƙasashen CEMAC, ƙungiyar tattalin arzikin ƙasashen tsakiyar Afirka, ba sabo ba ne: lisans shekara 3, mastar 2, doktora 3. Mai 10 bisa 20 ya ci, takardarsa ingantacciya ce. Maki 12 ɗin da ake ta yayatawa ma'auni ne da sassan jami'a da yawa ke sawa wajen tace masu neman mastar ta bincike, saboda gurabe kaɗan ne, malaman da za su duba aiki ma kaɗan. Ba hukunci ba ne, kuma sanarwar kowane sashe ita ce abin dubawa.

Inda yaranmu ke faɗawa rami daban ne. Mastar iri biyu ce, ta sana'a da ta bincike. Ta sana'a tana shirya mutum ga masana'anta, irin ta siminti da ke Figil, ko aikin bulon ƙasa. Amma ƙofar doktora, a bisa al'ada, ta bincike ce ke buɗe ta. Sai yaro ya biya kuɗi mai yawa, ya yi shekara 2, sannan ya ji cewa ba hanyar koyarwa a jami'ar Marwa ko ta Ngawundare ya bi ba. Ku tambaya kafin ku biya, don Allah.

Ga kuma shekaru. A 2018 Shugaba Paul Biya ya ba da umarnin ɗaukar malaman jami'a 2,000 masu doktora, aka sa iyakar shekara 45. A nan ne raina ke sosuwa: ɗan arewa da ya shiga makaranta a makare, ya tsaya neman kuɗi tsakanin lisans da mastar, da ma'auni ɗaya ake auna shi da ɗan Yawunde.

Shi dai yaron 11 da ɗoriya ya samu. Gobe zai je sashen ya karanto sanarwar da idonsa.