Dabbobi da Tarkacen da ke Yawo a Tekun Legas

Jirgin da zai fita teku daga tafkin Legas sai ya bi ta mashigar Commodore, tsakanin ganuwar duwatsu biyu da Turawan mulkin mallaka suka fara ginawa a farkon ƙarni na 20. Ta wannan ƙofa ce ruwan tafkin Legas ke fita duk lokacin da teku ta janye, kuma yana fita ne da kayan gari: ledojin fiya wata, gorunan roba, silifas, tsummokaran raga, da mazubin abinci na soso wanda gwamnatin jihar ta haramta a Janairun 2024. Tarkacen kan yi layi a daidai inda jan ruwan tafki ya haɗu da na teku. Matuƙa ba su cika tsoron leda ba, illa dai ta naɗe farfela ko ta toshe wa inji hanyar shan ruwa. Abin da suke tsoro shi ne gungumen katako da ya kuɓuce daga waɗanda ake jawowa ta ruwa zuwa wurin masu yankan katako, domin rabinsa a nutse yake, ba a ganinsa sai an iso kansa.

Akwai kuma kainuwar Turawa, wadda asalinta Kudancin Amurka ne. Ta shigo ta rafin Badagry a 1984 daga Jamhuriyar Benin. Ba irin kainuwar tafkunan Arewa ba ce, ta fi ta girma da taurin kai. Gishiri ne maganinta, shi ya sa wadda ta kai teku takan yi baƙi ta mutu. Tun 2011 kuma wata ciyawar teku mai ruwan ƙasa, sargasum, ta fara cika gaɓar Afirka ta Yamma.

Idan aka wuce jiragen dakon kaya masu jiran shiga tashoshin Apapa da Tin Can, ruwa kan yi shuɗi, dabbobi su fara bayyana. Dolfin, wata dabbar teku mai kama da babban kifi, na bin goshin jirgi garke-garke, kifi mai tashi na fallewa a saman ruwa. Manyan dabbobin nan da ake kira wel, nau'in mai ƙusumbi, suna baro tekun Antatika su zo mashigin Gini haihuwa, galibi daga Yuli zuwa Nuwamba. Kunkurun teku ne ya fi shan wahala, don yakan haɗiye leda a zaton abinci ce. Ayu kuwa, wanda masuntan Binuwai da Neja suka sani sarai, ba ya nisa da gaɓa. A tafki da rafuka yake kiwo.