Tasirin sanyi kan tara nitrojin a shukokin rufe ƙasa na dangin wake

A ƙasashen da hunturu ke tsanani, irin su Kanada da arewacin Amurka da Jamus, manoma kan shuka wasu tsirrai na dangin wake bayan girbi don su rufe gona, su kuma bar mata nitrojin. Fitattu a cikinsu akwai Vicia villosa da Trifolium incarnatum.

Ba tsiron ne ke kamo nitrojin daga iska da kansa ba. Bakteriyar Rhizobium ce ke shiga saiwa ta yi ƙananan ƙullutai, irin waɗanda ake gani idan an tuge gyaɗa, a cikinsu take mayar da nitrojin ɗin iska ya zama abincin tsiro. Masanan Jamus Hellriegel da Wilfarth ne suka tabbatar da haka a 1886. Ƙullutun da ke aiki, idan aka tsaga shi da farce, cikinsa ja-ja ne. Fari ko kore kuwa, ko bai fara ba ko ya daina.

Sanyin ƙasa, fiye da na iska, shi ke kawo cikas. Saiwa tana rage fitar da sinadarin da take kiran bakteriyar da shi, shigar bakteriyar ta yi jinkiri, ƙullutan su makara. Waɗanda suka riga suka fito ma aikinsu yana ja baya. Waken soya ya fi son ƙasa mai zafin digiri 25 zuwa 30 a ma'aunin Salshiyos, ƙasa da 17 kuwa abin yana raguwa sosai. Wakenmu na gida dare ɗaya na sanyin da ke daskarar da ruwa ya isa ya kashe shi. Vicia villosa ita tana jurewa, sai dai ta lafa har ƙasa ta ɗumama.

Shi ya sa akasarin nitrojin ɗin yake taruwa a watannin Afrilu da Mayu, lokacin da ƙasa ke ɗumama a waɗancan ƙasashe. Manomin da ya yi garajen nome shukar kafin ta fara fure ya yi asarar mafi yawan abin da ya shuka ta dominsa, kuma wannan kuskure ne da ake yawan yi saboda saurin shuka masara. Ko bayan an nome ta, ruɓewar da ke sakin nitrojin ga amfanin gona na gaba tana tafiyar hawainiya muddin ƙasa na da sanyi.