Wane madubin hangen taurari ya dace da sararin Damagaram?

Matasa da dama a Zinder sun fara sha'awar kallon sama da ƙaramin madubin hangen nesa, irin wanda mutum ɗaya ke iya ɗauka. Kusan tambayoyi iri ɗaya suke yi kafin su aika a sayo musu. Ga su nan tare da abin da nake faɗa musu.

Malam, na ga wani an rubuta a kwalinsa yana ƙara girma sau 525. Shi ne mai ƙarfi, ko?

A'a, ka bar shi inda ka gan shi. Ƙarfin madubi yana ga faɗin bakinsa, domin aikinsa tara haske ne, kamar yadda baho ya fi kofi tarbar ruwan sama. Ƙwayar idon matashi a cikin duhu ba ta wuce milimita 7 a buɗe. Gilashi mai milimita 70 yana tara hasken da ya ninka na idon sau 100, mai milimita 130 kuma ya fi mai 70 ɗin sau uku da ɗoriya. Ƙara girma yana da iyaka: ka ninka faɗin bakin sau biyu. Mai milimita 70 iyakarsa wajen sau 140 ke nan. Abin da ya haura haka hoto ne mai girma amma dishi-dishi, ba ka gane komai a cikinsa.

To iri nawa ne, kuma mene ne bambancinsu?

Uku ne a cikin ƙanana. Na farko mai gilashi a gaba, irin wanda Galileo ya ɗaga sama a 1609. Bututunsa a rufe yake, ba ya son saiti, ka kafa ka leƙa. Aibinsa, masu araha sukan sa wani shuɗi-shuɗi a gefen wata da taurari masu haske, kuma da zarar bakin ya wuce milimita 90 kuɗi da nauyi sai su tashi.

Na biyu shi ne na Newton, wanda ya ƙera a 1668. Madubi ne mai lotsawa a gindin bututu yake tara hasken, ƙarami kuma ya turo shi gefe inda ake sa ido. A nan ne kuɗi kaɗan ke sayen baki mai faɗi, musamman in an ɗora shi kan mazaunin katako irin na Dobson, wanda ake juyawa da hannu sama da ƙasa, hagu da dama. Hotonsa a kife yake fitowa. A sama wannan ba komai ba ne, amma kada ka saye shi don hangen shanu a daji.

Na uku Maksutov, haɗin gilashi da madubi, daga shekarar 1941. Gajere ne, mai milimita 90 yana shiga jakar baya, amma hasken yana kai da komowa a ciki har nisan tattara haskensa ya kai wajen milimita 1250. Saboda haka yana fito da wata da duniyoyi tangaran, sai dai filin da yake nunawa ƙunci ne. Kaza da ƴaƴanta ba sa shiga cikinsa gaba ɗaya.

Mu da ke fama da ƙura, wanne zai jure?

Wannan ita ce tambayar da littattafan Turai ba su damu da ita ba, mu kuwa ita ce gaba da komai. Na Newton bakinsa a buɗe yake, duk abin da iskar hunturu ta kwaso kan madubin zai sauka. Ƴar ƙura ba ta ɓata gani sosai; abin da ke kashe madubi shi ne goge shi. Ƙurar nan akwai rairayi a cikinta, kuma fuskar madubin wani siririn shafen alminiyom ne. In ka sa bakin riga ko rawani ka shafa sau ɗaya, ka zana masa layukan da ba sa fita. Ka samu robar hura iska irin ta masu kyamara, ka rufe baki da gindi in ka gama, ka ajiye bututun a kwance ko bakinsa ƙasa, cikin leda da buhu. Mai gilashi da Maksutov a rufe suke, fuska ɗaya kawai za ka kula da ita, shi ya sa nake ganin sun fi sauƙin riƙo ga wanda ɗakinsa ke shan ƙura.

In zan riƙa ɗaura shi a babur in fita bayan gari fa?

Jijjigar hanya tana gusar da saitin madubai biyun na Newton. Gyaran ba wuya, ƴan kusoshi uku ne ake murɗawa, amma dole ka koya. Duk da haka, wanda zai fita hanyar Mirriya ko ta Tanut inda hasken gari ya rage, Dobson mai milimita 130 nake zaɓar masa, domin duhun nan shi ne dukiyarsa, baki mai faɗi ne kuma zai ci moriyarsa. Wanda kallonsa a kan soro ne a Birni ko Zongo, Maksutov 90 ko mai gilashi 80 ya ishe shi. Ko wanne ka saya, ka gwada ƙafafunsa tukuna: ka ɗan taɓa bututun, in hoton ya daɗe yana rawa, kayan ba su yi ba komai kyan gilashin. Ka kuma nisanci siminti da duwatsun da suka wuni suna shan rana, don zafin da suke saki da dare yana sa hoto ya yi ta motsi.

Ƙananan gilasan da ake sa ido, lambobin da ke jikinsu na mene ne?

Su ne ke yanke yawan girman. Ka raba nisan tattara hasken madubin da lambar gilashin idon. Dobson mai nisan milimita 650 da gilashi mai 25 yana ba da sau 26, da mai 10 kuma sau 65. Waɗannan gilasan dai a kan Maksutov mai 1250 sun zama sau 50 da sau 125. Ƙaramar lamba, babban girma. Kullum ka fara da mai 25 don neman abin, sannan ka canja. A sau 125 duniyar da kake kallo takan tsallake filin cikin ƙasa da minti biyu saboda juyawar ƙasa, sai ka yi ta bin ta da hannu.

Wane irin gilashin ido zan nema?

Da farko ka tabbata gindinsa milimita 31.7 ne, wato inci ɗaya da kwata. Madubin da ke ɗaukar siriri mai milimita 24.5 kawai, da wuya ka samo masa gilashi nagari. Waɗanda aka rubuta wa H ko SR tsohon salo ne, leƙa su wahala ce. Kellner ya fi su. Plössl, mai gilasai huɗu a ciki da fili wajen digiri 50, shi ne na talaka mai hankali. Matsalarsa ɗaya: ƙananan lambobi, 6 ko ƙasa, sai ka manna ido har gashin ido yana shafa masa maiƙo. Mai sa tabarau ya nemi wanda ake iya gani daga nisan milimita 15 zuwa 20. Gilashi biyu nagari sun fi akwati cike da tarkace.

Barlow fa?

Ƙarin gilashi ne da ake sawa tsakanin madubin da gilashin ido. Yana ninka girman, galibi sau biyu. Yana da amfani a kan Dobson gajere. Mai Maksutov ba ya buƙatarsa.

Me zan gani da gaske daga nan?

Ramukan wata, musamman a bakin iyakar haske da duhu lokacin da yake rabi. Mushtari, wato Jupiter, da watanninsa huɗu da Galileo ya gani a 1610, kullum wurin zamansu na sauyawa. Zoben Zuhal, wato Saturn, yana bayyana tun daga wajen sau 40. Zara tana ragewa tana cika. Kada ka sa ran launukan hotunan intanet, gajimaren taurari toka-toka ido ke ganinsa. Muna da falalar da mutanen Faransa ba su da ita: Zinder tana wajen digiri 14 arewa da tsakiyar duniya, don haka duniyoyi suna hawa can sama inda iska ba ta da kauri, kuma a watan Afrilu da Mayu dunƙulen taurarin Omega Centauri yana tashi kusan digiri 29 a kudu. Mafi kyan dare shi ne bayan ɗaukewar damina kafin hazo ya sauka, ko daren da ruwa ya wanke sama.

Zan iya neman jinjirin watan azumi da shi?

Za ka iya, da gilashi mai 25 ko 32 don filin ya yi faɗi, ko da yake madubi mai ido biyu 10x50, wato girma sau 10 da baki milimita 50, ya fi saurin share yamma. Amma ka jira rana ta faɗi gaba ɗaya kafin ka cire murfin. Leƙen rana ta cikin madubi, ko na ƙiftawa ɗaya ne, yana ƙona ido har abada, kuma baƙin gilashin da wasu kwalaye ke zuwa da shi a murɗa a gilashin ido yana iya fashewa da zafi. Ka jefar da shi, kuma kada ka bar madubin a tsakar gida da rana inda yara za su kai gare shi.