Gui (kalmar Sinanci)

Gui kalma ce ta Sinanci da ke nufin fatalwa, wato kurwar mamaci. Ana rubuta ta 鬼. Masu Mandarin suna furta ta guǐ, mutanen Hong Kong da Guangdong kuma gwai.

Asali

Harafin yana cikin mafiya daɗewa a rubutun Sin. An same shi a rubutun duba da aka zana kan ƙasusuwan shanu da ƙoƙon kunkuru a ƙarshen daular Shang, wajen shekara ta 1200 kafin Miladiyya. Siffarsa a can mutum ne mai ƙaton kai, galibi a durƙushe. Masana sun saɓa kan wannan kai: wasu sun ce abin rufe fuska ne na boka, wasu sun ce kan gawa ne.

Ƙamus ɗin Shuowen Jiezi, wanda Xu Shen ya kammala wajen shekara ta 100 Miladiyya, ya danganta kalmar da guī (歸), wato komawa. Liji, tsohon littafin ladubba da al'adun Sin, shi ma ya ce duk mai rai mamaci ne, mamaci kuwa ƙasa yake komawa, shi ne gui. A wancan zamani kalmar ba ta ɗauke da muni, domin kakannin mutum ma gui ne. An ruwaito Confucius, shahararren malamin falsafar Sin, yana cewa a girmama su amma a nisance su. Cikin masana falsafar Sin, Mozi ya kare samuwarsu, Wang Chong kuwa ya musanta a ƙarni na 1 Miladiyya.

Sannu a hankali ma'anar ta karkata ga mamacin da ba shi da zuriyar da za ta yi masa hadaya. Addinin Buddha ya ƙarfafa wannan da egui, fatalwa mai yunwa. Har yau ana ajiye musu abinci, ana ƙona kuɗin takarda a ranar 15 ga wata na bakwai na kalandar gargajiya.

Amfanin yau da kullum

Ana liƙa kalmar gui ga mai wata ɗabi'a: jiugui mashayi, langui malalaci, danxiaogui matsoraci. Xiaogui kuwa kiran wasa ne ga yaro mai ƙiriniya. Guihua zancen ƙarya ne, kuma idan aka ce akwai gui a zuciyar mutum, ana nufin yana ɓoye wani laifi.

Baƙi

Ana kuma liƙa wa baƙi kalmar: Riben guizi, wato fatalwar Japan, zagi ne ga sojojin Japan, musamman tun yaƙin 1937 zuwa 1945. Gweilo, sunan da ake kiran Turawa a Hong Kong, wanda ya samo asali daga gwai, wasu na ɗaukarsa cin fuska, wasu ba sa ɗauka.