Tsoron allura

Tsoron allura, wanda likitoci ke kira tiripanofobiya, shi ne matsanancin firgicin da mutum ke shiga idan za a yi masa allura, ko a ɗebi jininsa, ko a ɗaura masa ƙarin ruwa. Ba wanda ke murna da allura, amma abin da ya raba wannan da ƙyamar da kowa ke yi shi ne yana hana mai shi neman magani. Sai ka ga mutum yana ta ɗage zuwa asibiti, ko ya tsallake rigakafi, ko mai ciwon sukari ya riƙa jan ƙafa wajen allurar insulin, alhali ya san illar hakan.

Sirinji mai allura ya samo asali ne a 1853, lokacin da Alexander Wood a Sikotilan da Charles Pravaz a Faransa suka ƙera nasu, kowa a gefensa. Tsoron allurar kuwa sai da ya shafe fiye da ƙarni ana ɗaukarsa ragwantaka kawai. A 1994 ne ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta ware tsoron jini da allura da rauni a matsayin rukuni na musamman a kundinta na cututtuka. Shekara guda bayan haka, likita James Hamilton ya ƙiyasta cewa aƙalla mutum 1 cikin 10 na fama da shi. Ya fi yawa a yara, yana raguwa da girma, kuma yakan bi dangi. Wani binciken Jami'ar Oxford na 2021 ya nuna kusan kashi 10 cikin 100 na ɗari-ɗarin da manya suka yi da rigakafin korona a Birtaniya daga wannan tsoro ya fito.

Dalilin suma

A nan ne tsoron allura ya bambanta da sauran tsorace-tsorace. Mai tsoron maciji ko tsayi, zuciyarsa na bugawa da sauri, jininsa ya hau, ya zauna a haka har abin ya wuce. Da yawa daga masu tsoron allura kuwa, jinin na hawa da farko, sannan ya faɗi kwatsam. Wata jijiya da ta sauko daga ƙwaƙwalwa ta bi wuya zuwa zuciya da ciki ce ke rage bugun zuciya, hanyoyin jini su saki, jinin da ke isa kai ya yi ƙasa. Mutum ya ji jiri, gumi mai sanyi ya keto masa, kunnuwa su toshe, gani ya dushe, sai faɗuwa. Sumar ba ta daɗewa, kuma haɗarinta yawanci a faɗuwar yake, idan kai ya bugu da wani abu. Wanda ya taɓa suma sau ɗaya, daga nan tsoronsa ya zama biyu: na allura da na kunyar zubewa a gaban mutane.

Shi ya sa shawarar da kowa ke bayarwa, wato "saki jikinka", takan zama gurguwa ga irin wannan mutum. Sakin jiki yana taimakon wanda zuciyarsa ke dukan uku-uku, amma wanda jininsa ke faɗuwa ƙara masa jiri yake yi.

Hanyoyin shawo kansa

Masanin halayyar ɗan Adam ɗan ƙasar Suwidin, Lars-Göran Öst, shi da abokin aikinsa suka wallafa dabarar ɗaure tsoka a 1987. Mutum zai zauna, ya ɗaure tsokokin hannuwa da ƙafafu da ƙirji na daƙiƙa 10 zuwa 15, har ya ji ɗumi ya hau fuskarsa, sannan ya sassauta na daƙiƙa 20 zuwa 30, ya maimaita sau biyar. Wannan yana ɗaga jini ya tare suma. Ana so a yi ta gwadawa a gida kwanaki kafin ranar allura, kuma hannun da za a soka a bar shi a sake, don tsokar da aka ɗaure ta fi jin zafi.

Tsoron kansa kuma, maganinsa da ya fi inganci shi ne sabo a hankali. Mai tsoron zai jera abubuwan da ke tayar masa da hankali daga ƙarami zuwa babba: kallon hoton sirinji, riƙe shi da murfinsa a rufe, cire murfin, kallon ana yi wa wani, ɗora tsinin a fata ba tare da an soka ba, sai allurar kanta. Ba ya hawa mataki na gaba sai fargabar wanda yake kai ta lafa. Öst ya nuna ana iya yin wannan a zama guda na kimanin awa uku tare da ƙwararre. Gudu shi ke ciyar da tsoron, domin duk ranar da mutum ya juya daga ƙofar ɗakin allura ya ji sanyi a ransa, ya koya wa kansa cewa gudun ne ya cece shi.

Akwai kuma ƙananan dabaru. Man shafawa mai kashe zafi, irin wanda ke ɗauke da lidoken da firiloken, ana shafa shi kamar awa guda kafin lokaci. Kwanciya maimakon zama ga mai suma, kau da kai, hira, da gaya wa ma'aikacin jinya gaskiya tun da wuri duk suna rage wahala.

Yara

Galibin manyan da ke fama da wannan tsoro tun ƙuruciya suka ɗauko shi, sau da yawa daga ranar da aka danne su da ƙarfi aka yi musu allura, ko daga gidan da ake razana yaro da cewa za a kai shi a yi masa allura idan bai yi shiru ba. A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da shawarwari kan rage zafin rigakafi: a rungume jariri a jiki, a ba shi nono lokacin allurar ko dab da ita, a zaunar da yaron da ya tasa maimakon kwantar da shi, a ɗauke masa hankali da wasa. Ta kuma ja kunnen ma'aikata su guji alƙawarin ƙarya irin "ba zafi". Yaron da aka ce masa ba zafi kuma ya ji zafi, a karo na gaba tun daga bakin ƙofa zai fara tirjewa.