Kunamar da ƙwai ɗaya zai iya tayarwa: me dokar bindiga ta ce?

Wata Juma'a bayan la'asar muna zaune a majalisarmu ta Ƙofar Ƙaura, ɗan yayata ya miƙo mini waya. "Kawu, dubi ikon Allah." Bidiyo ne na wani dattijon Bature zaune gaban teburin siminti, bindiga kwance a kan jakunkunan yashi, ko rungumar ta bai yi ba. Ya taɓa kunama da kan yatsa kamar mai gwada zafin shayi, sai ta tashi. Sau biyar ya yi haka, da aka nuno takardar saiti kuwa rami ɗaya ne. Yaron nan yana cikin masu sintirin dare a ƙauyensu, don haka na san inda tambayarsa za ta nufa tun kafin ya buɗe baki. "In na kai tawa wajen maƙeri ya sassauta mini kunama kamar wannan, akwai laifi?"

Akwai laifi, akwai kuma haɗari, kuma haɗarin ya fi damuna.

Abin da ya gani gasa ce ta harbin kan tebur, wadda ta yi ƙarfi a Amurka, inda aka kafa ƙungiyarta ta ƙasa tun 1951. Ana harbi ne daga yadi 100 ko 200, abin da ake nema shi ne harsasai biyar su taru wuri guda. A 2013 wani mai suna Mike Stinnett ya tara biyar ɗinsa da tazarar da ba ta kai kashi ɗaya cikin ɗari na inci ba. Wanda ke neman irin wannan, ɗan motsin yatsa ma abokin gabarsa ne. Shi ya sa ake ƙera musu kunamar da nauyin giram 57 ko ƙasa da haka ya ishe ta tashi, wato nauyin ƙwan kaza ɗaya. Bindigar farauta ta kamfani kuwa tana neman jan kilo ɗaya da rabi zuwa biyu, kamar ka rataya ledar fiya wata uku ko huɗu a yatsa.

A cikin bindiga akwai wasu ƙarafa biyu da ke cizon juna, su ke riƙe da allurar da ke dukan gindin harsashi. Jan kunama shi ke raba su. A kunamar gasa, cizon nan bai wuce kaurin gashi ba, amma an ƙera ta musamman da ƙarfe mai tauri da tsarin da ke rage nauyin da ke kan haƙoran. Duk da haka masu ita ba su yarda da ita ba. Da yawa daga irin waɗannan kunamun ba su da makullin tsaro sam. Ƙa'idar filin ce makullinsu: sakatar bindiga, wato ƙarfen da ke tura harsashi ya kulle shi, tana waje a kowane lokaci. Ba mai sa ta sai alƙalin fili ya ba da umarni, kuma da ya ce a tsaya, kowa zai zare tasa kafin wani ya taka zuwa wajen takardu. Harsashi ɗaya ake sawa, bakin bindiga na kallon tudun ƙasa, mai ita na zaune. In ƙura ta shiga ko mai ya daskare har ta tashi da kanta lokacin rufe sakata, abin da ya yi asara maki ne, harsashin ya tafi cikin tudu.

To ɗauki wannan kunamar ka rataya a kafaɗa, ka hau babur cikin dare a hanyar Batsari, lokacin hunturu da ƙura ke shiga har cikin haƙoran mutum, da abokinka goye a baya.

Su kansu masu shirya gasanni sun bambanta zama da tsayuwa. A gasar ƙaramar bindigar iska ta mita 10 da ake yi a Olamfik, inda mutum ke tsaye yana ɗaga hannu, dole kunama ta ɗauki giram 500, kuma ana gwadawa da ma'auni. Gasar bindigar soja a Amurka tana neman kusan kilo biyu.

Dokar bindigogi ta Najeriya, wadda ta fara aiki a 1959 kuma take cikin kundin dokokin tarayya na 2004, ba ta ambaci nauyin kunama ba. Nan ne wasu ke ruɗuwa, su ɗauka tun da ba a faɗa ba an halatta. Dokar ta biyo ta wata hanya ce: ta fayyace wa zai mallaka, da wa zai taɓa cikin bindiga.

Ta raba bindigogi gida uku. Na farko haramtattu: mashinga, fistol, bindigogin soja masu girman harsashi milimita 7.62 ko 9 da makamantansu, waɗanda lasisinsu sai daga Shugaban Ƙasa. Na biyu na amfanin kai, irin su mai baki ɗaya da mai baki biyu, da bindigar iska, da doguwar bindigar wasa ko farauta wadda harsashinta ba na soja ba ne. Lasisin waɗannan na hannun Sufeto Janar na 'yan sanda. Na uku su ne waɗanda ake ɗura wa albarushi ta baki, adaka da harba-ka-ruga, irin na maharba da na 'yan bindigar Sarki da ke cika garin Daura da ƙara ranar hawan Sallah da na Gani. Su kuma lamarinsu na wajen Kwamishinan 'yan sanda na jiha. Bindigar gasar kan tebur mai harsashin milimita 6 za ta faɗa gida na biyu ne, kuma harsashinta ma sai da izini.

Lasisi ba haƙƙi ba ne da za ka tilasta a ba ka. Hukuma na iya hanawa, kuma doka ta hana bai wa wanda bai kai shekara 17 ba, da mai taɓin hankali, da mai raunin gani, da mashayi, da wanda kotu ta kama da laifin tashin hankali cikin shekara biyar da suka wuce. Na san a 2021 gwamnan Katsina na lokacin, Aminu Bello Masari, ya yi kira ga jama'a su nemi makamin kare kai, kuma duk wanda ya san halin da Jibiya da Safana da Faskari suka shiga ya san abin da ya kai shi faɗin haka. Amma kiran gwamna bai soke dokar tarayya ba. Mallakar bindiga ba lasisi, a ƙarƙashin dokar fashi da makami, na iya jawo ɗaurin da bai gaza shekara goma ba.

Sai batun maƙeri, wanda shi ne ainihin tambayar ɗan yayata. Doka ta hana ƙerawa ko haɗawa ko gyara bindiga sai a ma'ajiyar makamai ta gwamnati, ko a wajen wanda Sufeto Janar ya ba takardar izinin wannan sana'a. Ko da bindigarka na da lasisi, wannan bai ba ka damar kai ta ko'ina a buɗe cikinta ba. Ina girmama maƙeranmu, hannunsu ya riƙe noma da farauta tun kaka da kakanni. Sai dai abin da ake yi wa kunama a maƙera shi ne a goge haƙoran, kuma taurin ƙarfen sau da yawa a fatarsa ta sama yake. Da an cinye fatar, abin da ya rage mai laushi ne, kullum ƙara lisewa yake. Ranar farko mai ita zai ji daɗi. Bayan wata biyu ya jingina ta da bango ta zame, ko ya diro daga babur gindinta ya bugi ƙasa, ta tashi ba wanda ya taɓa ta. Kamfanin ƙera bindigogi na Remington a Amurka, da injiniyoyinsa da injunansa, sai da ya janye ɗimbin bindigogi a 2014 saboda kunamar da ke iya tashi ba a ja ba.

In hakan ta faru aka rasa rai, "ai ita ta tashi da kanta" ba ya wanke mutum. Dokar bindigogi ta ɗora wa mai ita alhakin tsaron ta a kowane lokaci. Dokar final kod, wato kundin hukunta laifuffuka, tana hukunta kisan da ganganci ko sakaci ya jawo, kuma da an duba bindigar aka ga alamar guga a haƙoranta, mai gabatar da ƙara ya samu shaidar sakacin a hannu. Ta fuskar addini kuma kowa ya san hukuncin kisan kuskure a aya ta 92 ta Suratun Nisa'i: diyya ga iyalan mamaci, da kaffarar azumin wata biyu a jere ga wanda bai samu wuyan da zai 'yanta ba. Kuma galibi ba ɗan fashin daji irin wannan harsashin ke samu ba, wanda ke kusa da kai yake samu: abokin sintiri, ko yaron da ya kawo maka ruwa.

Na tambayi ɗan yayata ko tasa ta taɓa tashi ba da nufinsa ba. Ya yi shiru, sannan ya ce sau ɗaya, da yana rufe ta, harsashin ya shiga ƙasa dab da ƙafarsa. Na ce masa to wannan ba sassauci take nema ba, ta riga ta lalace. Na ce ya cire harsashi, ya daina fita da ita, ya sanar da shugaban sintirinsu, su je ofishin 'yan sanda a haɗa su da mai izinin gyara. Ya ce zai yi bayan sati. Na ce a'a, yau kafin magariba.