Idan Kyamarar Jirgi Maras Matuƙi Ta Karkace: Tambayoyi da Amsoshi Kan Saitin Gimbal

Masu ɗaukar hoton biki da na hawan Sallah a Katsina da Daura sun saba da ƙaramin jirgi maras matuƙi, kuma ƙorafin da aka fi ji a bakinsu shi ne hoto ya karkace, ko kyamara ta riƙa karkarwa, ko saitinta ya ƙi kammaluwa.

Mene ne gimbal, kuma me saiti yake gyarawa?

Gimbal shi ne mariƙin da kyamara take rataye a jikinsa. A yawancin jiragen kamfanin DJI yana da ƙananan injina 3: ɗaya yana ɗaga kyamara sama da ƙasa, ɗaya yana hana ta kwanciya gefe, na ukun yana kula da waiwayenta dama da hagu. Saiti ba ya gyara abin da ya lalace, aikinsa kawai ya nuna wa injinan inda daidai yake, don haka maimaita shi sau goma a kan abin da ya lanƙwashe ɓata batir ne.

Na ɗauki Hasumiyar Gobarau ta fito a jingine, na yi saiti, ba ta miƙe ba. Ina kuskuren yake?

Sau da yawa kuskuren yana wurin da aka ajiye jirgin. Saitin da jirgi yake yi da kansa yana ɗaukar inda aka ɗora shi a matsayin shimfiɗaɗɗen wuri, saboda haka wanda ya yi shi a kan murfin mota ko a kan tabarma bisa yashi ya koya wa kyamararsa karkata da hannunsa. Ko daɓen siminti na tsakar gida ba abin dogaro ba ne, domin magina suna gangarar da shi da gangan saboda ruwa ya bi kwata. A sami tebur mai ƙarfi, a ɗora faranti da ɗan ruwa a kai, idan ruwan ya taru a gefe guda a sa takarda ƙarƙashin ƙafar teburin har ya daidaita. Sannan a cire murfin gimbal, a kunna jirgin, a shiga sashen sarrafawa a manhajar DJI Fly, wadda ake sarrafa jirgin da ita, a zaɓi saitin gimbal, kada a taɓa teburin har ya gama.

Idan karkatar ta ci gaba, sai a koma kan na'urar IMU, wadda take auna motsi da karkatar jirgin baki ɗaya. Ita ana saita ta ne jirgi yana da sanyi, ba bayan an sauko da shi yana huci ba. Kamfanin DJI ya ƙayyade zafin aikin jirginsa samfurin Mini 2 daga digiri 0 zuwa 40, mu kuwa a watan Afrilu zafin Katsina yakan wuce 40, shi ya sa na fi son a yi wannan aiki bayan asuba. 'Yar karkatar da ta rage ana iya gyara ta da hannu a manhajar, amma idan kullum sai an ƙara, akwai abin da ya lanƙwashe.

Me ya sa saitin yake tsayawa, manhaja ta ce nauyi ya yi wa injin yawa?

Abu na farko a duba ko an manta murfin gimbal. Abin kunya ne, amma har ƙwararru yana faruwa da su idan ango ya fito ana gaggawa. Na biyu ƙura ce. Wanda ya tashi jirgi daga ƙasa a Ƙofar Soro bayan dawakai sun wuce, ko a cikin hunturu, farfela za ta watsa yashi cikin injinan. A kashe jirgin, a juya kyamara da ɗan yatsa a hankali ta kowace fuska. Idan an ji gurzo ko ta cije a wani wuri, a hura da robar hura iska ta masu hoto. Kada a ɗiga mai, domin mai yana kama ƙura ya zama taɓo. Gilashin rage haske da ake ƙara wa kyamara ma, idan ya yi nauyi ko bai zauna sosai ba, yana kawo wannan saƙo.

Hoton yana kaɗawa kamar ana kallonsa ta cikin ruwa. Shi ma saiti ne?

A'a, girgiza ce. A duba farfela ko ta tsage ko ta gutsure, sannan a duba ƙananan robobin da suke raba gimbal da jikin jirgi, domin zafin mota da aka rufe a rana yana busar da su.

Saitin kamfas fa?

Wannan na sanin alkibla ne, daban yake da na gimbal. Ana yin sa a fili, nesa da mota da rodi da turakun lantarki.

Yaushe ya kamata a kai wa mai gyara?

Idan jirgin ya taɓa faɗuwa, ko kyamara ta saki kai ba ta motsi bayan an kunna, ko hoto ya riƙa ɗaukewa yana dawowa, galibi siririyar wayar da ta ratsa gimbal ce ta tsinke, ko hannunsa ya lanƙwashe. Kafin a bayar a tambayi mai gyaran ko yana da manhajar saita sabon gimbal, domin wasu jiragen ba sa karɓar kayan da aka canza sai da ita.